Tanki cike, famfo na ɗigo

Na'urar tace ruwan da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke a kicin ɗin yayata, a Kano, ta fito da wani hali da shigowar hunturu. Idan aka murɗa kan famfonta, ruwa ya kan zubo da ƙarfi har ya cika kofi ɗaya, daga nan sai ya koma siriri kamar zare, sai ɗigo. A bar ta awa guda a dawo, kofi ɗaya ne dai. Irin na'urar nan ce da masu sayarwa ke kira RO, wadda ke tura ruwa da ƙarfi ta cikin wani tantani mai ƙananan ƙofofi, ruwa ya wuce, gishiri da sauran abin da ya narke a ciki su bi bututun zubarwa.

Mai gyaran famfo ya riga ya zo. Ya canza filtoci ukun farko, ta tare laka da biyun gawayi, kuma ya yi daidai, domin ruwan burtsatse kan toshe su cikin wata shida zuwa shekara. Amma ba ta canza zani ba. Sai ya ce saura tantanin, wanda ya fi kowane sashe da ake canzawa tsada.

"Yaya, a dakata da sayen nan tukuna," na ce mata. "Bari mu tambayi ruwan da kansa."

Tantani da ya lalace yana da alama iri biyu. Ko dai ya yage, ko kulorin ya cinye shi, sai ruwa ya yi yawa amma bai tatu ba. Ko kuma farar ƙasa da tsatsa su liƙe shi, sai ruwa ya ragu ƙwarai. Ta farko tana da sauƙin ganewa da ɗan ma'aunin TDS mai kama da biro, wanda ke nuna yawan abin da ya narke a ruwa. Ruwan burtsatsen ya nuna sama da 300, tataccen kuma ƙasa da 20. Lafiyayyen tantani yana tare kashi 90 cikin 100 ko fiye, wannan kuwa ya wuce haka. Bai yage ba ke nan.

Saura toshewa. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, don suna zaton ruwan da ke zubowa daga famfo a lokacin ake tace shi. Ba haka ba ne. Tantanin gida a hankali yake aiki. Na gidan an rubuta masa galan 75 a yini, wato kusan lita 284 cikin awa 24, abin da bai kai cikin ƙaramin kofi a minti ɗaya ba: mililita 200 ko ƙasa kaɗan. Shi ya sa ake haɗa na'urar da wani ɗan tanki mai kama da tukunyar gas, ya riƙa tara ruwan. Don haka na rufe makullin da ke kan tankin, na buɗe famfo, na tara abin da tantanin kaɗai ke bayarwa a kwalbar jarirai mai awo. Minti ɗaya ya ba da kusan mililita 130.

Yaya ta ce, "To ai ga shi nan, bai kai ba."

Bai kai ba, amma akwai dalili. Adadin da kamfani ke rubutawa an auna shi ne da ruwa mai ɗumin digiri 25. Ruwan sanyi ya fi kauri, yana ratsa tantani da ƙyar, kuma kowane digiri ɗaya da aka sauka yana rage kusan kashi 3 cikin 100. Ruwan da ya kwana a tankin sama cikin sanyin Janairu ba zai ba da abin da yake bayarwa a watan Afrilu ba. Ko a hakan ma, mililita 130 a minti ya haura lita bakwai a awa. Ina sauran suke tafiya, idan kofi ɗaya kawai ake samu?

Wannan awon ya wanke wani wanda nake zargi tun farko, wato ɗan injin da ke ƙara wa ruwa ƙarfi. A gidajenmu da ruwa ke gangarowa daga tankin sama, kowace mita ɗaya ta tsayi tana ba da matsin ruwa na kusan psi 1.4 ne kawai, don haka tankin da ke bisa mita bakwai psi 10 kawai yake bayarwa. Tantani kuwa yana son 40 zuwa sama. Ba don injin ba, da ba a sami ko kusa da wannan adadin ba. Na kuma duba bututun zubarwa: ruwa na fita daidai misali, ba ya kwarara, kuma yana tsayawa idan injin ya tsaya. Da ɗan abin da ke matse gudun ruwa a cikin bututun ya lalace, da ruwan duk can zai gudu. Rashin wutar NEPA ma ba shi ba ne, domin gidan na da sola.

Ruwa na tatuwa, yana shiga tanki, amma ba ya fitowa. Na buɗe makullin tankin, na bar famfo a buɗe har ya koma ɗigo, sannan na sa hannu zan ɗaga tankin. Da ƙyar ya motsa. Tankin da ya kamata a ce wayam yake, cike yake fal.

Cikin irin wannan tanki ɗaki biyu ne, da shamakin roba a tsakani: ruwa a sama, iska a ƙasa. Ruwa na shiga yana danne iskar, idan aka buɗe famfo iskar ta turo shi waje. Ba wani inji a ciki. Iskar ce kaɗai ƙarfinsa. Idan ta zurare, ruwan ya zauna. Kofi ɗayan nan da ake samu shi ne iyakar abin da ragowar iskar ke iya turowa.

A gefen tankin, can ƙasa, akwai bawul irin na tayar mota. Na danna tsinken cikinsa ina fargaba, domin idan ruwa ya fito to robar ta fashe, kuma ba a faci a nan, sai sabon tanki. Wata 'yar iska ce ta huro, busasshiya. Aka kawo abin buga iskar keken yara, aka rufe ruwan shigowa, aka bar famfo a buɗe. Kowane bugu, ruwa ya tsarto. Sai da aka cika bokiti ƙarami kafin tankin ya yi sakayau. Sai a lokacin awon iska ke da ma'ana, don idan da ruwa a ciki ma'aunin ƙarya zai faɗa. Abin da ake so psi 6 zuwa 8 ne. Ma'aunin masu faci na taya ba ya karanta ɗan adadi irin wannan da kyau, sai an nemo mai ƙaramin awo. Kuma ba a zarce ba: iska ta yi yawa, ruwa ba zai sami wurin zama ba.

Ruwa ya dawo da ƙarfinsa. Ba a jima ba Yaya ta bugo waya: "Ƙanena, abin nan ya fara komawa gidan jiya."

Tanki kan rasa iska a hankali cikin shekara ko biyu, amma ba da saurin nan ba. Tunda robar ba ta fashe ba, ƙofa ɗaya ta rage wa iskar. Na shafa ruwan sabulu a bakin bawul ɗin, sai ga kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya. Murfinsa ya daɗe da ɓacewa, kuma tsinken cikin ya kwance. Muka ɗauki tankin zuwa wurin mai faci a bakin titi, ya zare tsohon tsinken da ɗan makullinsa, ya ɗaura sabo, ya sa murfi. Aka mayar da iskar psi 7, aka sake shafa sabulu, babu kumfa. Tantanin da aka so cirewa yana nan yana aikinsa, kuma da zafi ya shigo awonsa na minti ɗaya ya haura zuwa kusa da abin da aka rubuta a jikinsa.