Koyar da Sinanci a Makarantu: Bayani ga Iyaye

A shekarar 2025 aka shigar da Sinanci cikin harsunan waje waɗanda ɗalibin babbar sakandare zai iya zaɓa, kamar Larabci da Faransanci. Ba tilas ba ne. Amma akwai iyayen da ke tsoron kada kaya ya yi wa yaro yawa, tun da yana riƙe da Hausa a gida da Turanci a makaranta. Ya kamata su san amfanin abin kafin su yanke shawara.

Dalilin koyarwa

Nijeriya ta ƙulla huldar jakadanci da ƙasar Sin ran 10 ga Fabrairu, 1971. Tun daga nan ciniki da ayyuka suke ƙaruwa tsakanin ƙasashen biyu. Kamfanin Sin ne ya shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta Abuja zuwa Kaduna, wadda aka buɗe a 2016, da ta Legas zuwa Ibadan, wadda aka buɗe a 2021. 'Yan kasuwar Kano kuwa suna zuwa birnin Guangzhou sarin kaya. Wanda bai ji harshen abokin cinikinsa ba, dole ya dogara ga tafinta, ya sa hannu a takardar da bai karanta da kansa ba. Saboda haka ƙasa na bukatar 'ya'yanta waɗanda za su yi wannan aiki da amana.

Abin da mai jin Hausa ya riga ya mallaka

Sinanci harshe ne mai hawa da saukar murya. Gaɓar "ma" tana iya nufin uwa, ko rama, ko doki, ko yin faɗa, gwargwadon yadda aka karya murya. Wannan yakan wahalar da Bature, amma ba baƙon abu ba ne ga mai jin Hausa, wanda da murya kaɗai yake rarrabe kukan jariri da kukar miya. Bugu da ƙari, yaron da ya tashi da harshe biyu ya riga ya saba abu guda ya kasance da suna fiye da ɗaya.

Inda wuyar take

Wuyar tana wajen rubutu. Sinawa ba su da abacada irin ta boko. Alamomi suke amfani da su, kuma sai mutum ya san kamar 3,000 kafin ya karanta jarida. Don sauƙaƙawa akan fara da Pinyin, watau rubuta lafazin Sinanci da baƙaƙen boko, tsarin da Sin ta amince da shi a 1958. Mai son zurfafawa zai sami Cibiyar Confucius a Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka, da kuma Jami'ar Legas.

Kira ga iyaye

Kada a yar da Hausa a gida don an ɗauki Sinanci, gama kunnen da harshen uwa ya horar shi ne jarin yaro. A bar mai sha'awa ya gwada tun da ƙuruciya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.