Ciwon da ke zuwa asibiti da rigar wani

A shekarar 1974 mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga wani bincike na likitocin Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Farfesa Eldryd Parry. Sun bi diddigin mata 224 da zuciyarsu ta gaza a kwanakin haihuwa, sai suka tarar ciwon ya fi kamari a ƙasar Zariya da Malumfashi, inda ake tsananta wankan jego: ruwa mai ƙuna safe da yamma, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, ga kunun kanwa ba ƙaƙƙautawa. Gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi kuma ya ɗora wa zuciya aikin da ya fi ƙarfinta. A cikin shekarun nan ne kuma masana daga Zariya da Liverpool ta Ingila suka kafa shirin binciken cututtuka a Malumfashi, suka yi ta ƙidayar masu tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da saran maciji. Ke nan yankin nan ba baƙo ba ne a littattafan likitanci. Sai dai hankalin masu binciken wancan zamani ya fi karkata ga abin da ake gani a madubin gwaji ko ake ji da abin sauraron ƙirji.

To mu koma ɗakin mai jegon. Wadda ƙafarta ta kumbura tana haki, kowa ya san asibiti za a nufa. Amma akwai wata a ɗakin da ke kusa, jikinta lafiya lau a ido, ta daina cin abinci, barci ya ƙaurace mata, jariri na kuka tana kallon bango. Gwaggo ta ce kewar gida ce, uwar miji ta ce shagwaɓa ce ko kishi, wata ta rage murya ta ce a nemo rubutu. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan mace ɗaya cikin biyar a ƙasashe masu tasowa tana faɗawa matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, mafi yawa ciwon damuwa. Kuma abin ba ya tsayawa a kanta. Binciken Atif Rahman a ƙauyukan Rawalpindi ta Pakistan a 2004, da na Abiodun Adewuya a kudu maso yammacin Najeriya a 2008, duk sun nuna cewa 'ya'yan irin waɗannan uwaye sun fi rama, sun fi yawan gudawa, girmansu kuma yana ja baya. Duk wanda ya ga layin uwaye a cibiyoyin tamowa na Jihar Katsina ya kamata ya tsaya kan wannan. Ana ɗora yaro a sikeli, ana auna damtsensa da igiyar awo mai launi, ana ba shi abincin leda. Wa ya tambayi uwar yaushe rabonta da barci?

Maza kuwa ta kemis suke bi. Manomi ne, ya haura arba'in, ya jingina babur ya shigo yana dafe da ƙeya. Kansa na sara, gabansa na faɗuwa haka kawai, wani abu na yi masa yawo a jiki, ƙirjinsa na zafi, kasala ta hana shi ɗaga fartanya. Mai kemis ya ce taifod ce da maleriya, ya haɗa allura da ƙarin ruwa. Mako biyu ya dawo, aka ce olsa ce. Kafin damina ta fita kuɗin buhunan masara sun tafi a magani, ciwon yana nan inda yake. Ba ƙarya yake yi ba, jikin na ciwo da gaske. Abin da bai faɗa ba, don ba a tambaye shi ba kuma namiji ba ya kai ƙarar zuciyarsa, shi ne ya sayar da shanun huɗa ya biya kuɗin fansar ƙanensa, gonarsa ta bakin daji kuma shekara biyu bai taka ta ba. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma mai ba da magani da ke da mutum talatin a benci ba ya samun sukunin ɗaga kai.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da gano hanyar da damuwa ke bi ta shiga jini da tsoka. Idan mutum ya firgita, jiki yana sakin sinadarai irin su adiranalin da kotisol, zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyin jini su tsuke, sukari ya ƙaru a jini domin a samu ƙarfin tsira. Wannan rahama ce ga wanda zai yi gudun minti goma. Ga wanda ya yi shekaru yana kwana da kunne ɗaya a buɗe a Faskari ko Sabuwa ko Dandume, ko iyayen da suka yi kwanaki suna jiran labarin ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka kwashe a Disambar 2020, jikin ba ya samun damar sauka. Nan hawan jini da ciwon sukari ke samun ƙofa. Babban binciken INTERHEART na 2004, wanda ya haɗa ƙasashe 52, ya sa matsin rayuwa da damuwa cikin manyan abubuwan da ke jawo bugun zuciya, tare da taba da ƙiba.

Sannan akwai batun shan magani, wanda a ganina shi ya fi yi mana ɓarna. Wani nazari da aka buga a Amurka a 2000 ya nuna cewa mai ciwon damuwa ya ninka waninsa kusan sau uku wajen barin maganin da likita ya rubuta masa. Mai hawan jinin da ya yanke ƙauna da rayuwa ba zai riƙa haɗiyar ƙwaya kullum safiya ba. Sai ranar da ɓarin jiki ya shanye a ce iska ce ta buge shi. A 2007 mujallar The Lancet ta buga nazarin mutum sama da 245,000 a ƙasashe 60, inda aka ga cewa tsakanin kashi 9 zuwa 23 cikin ɗari na masu doguwar cuta kamar sukari da asma da ciwon gaɓɓai suna ɗauke da ciwon damuwa, kuma su ne suka fi kowa jin jiki.

Hanyar tana da dawowa, wato ciwon jiki ya taɓa hankali, kuma dawowar ta fi gaggawar kisa. Tun 1972 Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan ya bayyana yadda taifod ke rikita hankali, bayan ya duba marasa lafiya 959. Zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kai, sanƙarau, faɗuwar sukari a jini, ƙwayar cuta a mahaifa bayan haihuwa, kowannensu na iya sa mutum sambatu da fizge-fizge cikin dare ɗaya. Idan aka ɗauka aljanu ne aka kwana uku ana hayaƙi, an ci kwanakin da magani zai yi aiki. Ba ina cewa a bar addu'a ba, wane ni. Addu'a ba ta hana a ɗauki jini. Murray Last, Baturen da ya rubuta tarihin Daular Sakkwato kuma ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Malumfashi, ya lura a wata maƙalarsa ta 1981 cewa mutanen nan ba su cika damuwa da sanin asalin ciwo ba, abin da ke gabansu shi ne ko magani zai ci. Wannan hali yana da ranarsa, domin ba a jin nauyin haɗa malam da likita. Matsalar ita ce wanda ake fara zuwa wurinsa.

Masu taɓin hankali mai tsanani kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna riga sauran mutane mutuwa da shekara 10 zuwa 20, kuma mafi yawansu cututtukan jiki ne da ake iya magancewa ke ɗauke su: zuciya, sukari, tarin fuka. Da zarar an liƙa wa mutum sunan mahaukaci, ko ya ce cikinsa na ciwo sai a ce ciwonsa ne ya motsa. Wasu magungunan ma, irin su olanzapine, suna sa ƙiba da hawan sukari, dangi kuwa su ga ya yi kumatu su ce sauƙi ya samu.

A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Doka ta yi kyau, amma likitocin wannan fanni a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, kuma mutumin Bakori ko Ƙafur ko Danja sai ya yi kuɗin mota zuwa asibitin Shika ko na Barnawa ko na Dawanau, ya haɗa da na masu rakiya. Ba na tsammanin za a wayi gari da likitan ƙwaƙwalwa a kowace ƙaramar hukuma nan kusa. Abin da ke iya yiwuwa an riga an gwada shi a ƙasar nan. Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun horar da malaman ƙananan asibitoci a Jihar Oyo su gane ciwon damuwa su yi maganinsa, bisa tsarin mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shi a 2008. A wani gwajin da aka buga a 2020, sun haɗa masu maganin gargajiya da masu addu'a da ma'aikatan asibiti a Ibadan da Kumasi, malamin asibiti yana zuwa har wurin mai magani ya duba majinyaci ya ba da ƙwaya, kuma waɗanda aka yi wa haka sun fi samun sauƙi.

A nan kudancin Katsina ana iya farawa da teburin awon hawan jini da na awon ciki, inda jama'a suka riga suka saba zuwa ba tare da tsoron a yi da su ba. Tambaya biyu ce likitoci ke amfani da su wajen tantancewar farko: cikin mako biyun nan, ka ji abubuwan da ka saba jin daɗinsu sun fita ranka? Ka ji ƙunci ko yanke ƙauna ya lulluɓe ka? Ba sa cin minti biyu. Wanda kuma ke karɓar maganin taɓin hankali, duk zuwan da zai yi a ɗora shi a sikeli, a auna jininsa, a riƙa duba sukarinsa lokaci zuwa lokaci, a rubuta a katinsa.