Cikakken Tallafin Karatun Lauya a Amurka: Kyauta ko Ciniki?

Wannan rubutu ya duba yadda ɗalibi ke samun gurbin karatun lauya kyauta a Amurka, ƙasar da ba a shiga tsangayar shari'a sai an kammala digirin farko, sannan a ƙara shekara uku kafin a sami digirin da ake kira JD, wanda kuɗin makarantarsa kaɗai a manyan jami'o'i ya haura dala 70,000 a shekara. Wannan tsada ce ta sa da yawa daga cikin masu fitowa ke fara aiki da bashi a wuya, ta kuma sa neman cikakken tallafi ya zama gasa mai zafi.

Abu biyu ne ke kan gaba wajen yanke hukunci kan wanda zai sami tallafin, wato sakamakon digirin farko da kuma makin LSAT, jarrabawar share fage wadda makinta ke farawa daga 120 ya tsaya a 180, kuma ba ta tambayar komai a kan doka, iyakarta gwada fahimtar rubutu mai sarƙaƙiya da iya gano inda hujja ta yi rauni. Nauyin da ake ba wannan maki yana da dalili na kasuwa. Mujallar US News, wadda ke jera tsangayoyin shari'a daga na ɗaya zuwa ƙasa, tana duba makin tsakiya na sababbin ɗalibai, wato makin wanda ke tsakiyar sahu idan an jera su duka, saboda haka duk makarantar da ke son hawa sama sai ta sayi ɗalibai masu maki da rangwamen kuɗi. Ke nan ɗalibi mai maki 172 ya fi daraja a makarantar da makin tsakiyarta yake 165 fiye da a wadda nata ya kai 173, kuma da yawa daga masu samun cikakken tallafi sun same shi ne saboda sun yarda su sauko mataki ɗaya daga jami'ar da ta fi suna. Har tayi ake yi, domin ɗalibi kan aika wa wata makaranta takardar tallafin da kishiyarta ta ba shi, ya nemi ta ƙara.

Wasu guraben sun yi suna, irin su Hamilton a Jami'ar Columbia, da Rubenstein a Jami'ar Chicago wanda aka kafa a 2010, da Root-Tilden-Kern a Jami'ar New York, wanda aka keɓe wa masu niyyar yi wa jama'a aiki maimakon shiga manyan kamfanonin lauyoyi. Harvard da Yale kuwa buƙata kawai suke dubawa, kuma a watan Nuwamba na 2022 suka janye daga jerin US News, inda ɗaya daga cikin koke-kokensu shi ne jerin yana karkatar da kuɗin tallafi zuwa ga masu maki ya bar marasa hali. Koken yana da ƙamshin gaskiya, tunda ɗan mai hali ne ya fi samun sukunin ajiye aiki ya yi watanni yana shirin jarrabawa, alhali wanda makinsa ya gaza shi ke biyan cikakken kuɗin da ake rage wa wani.

Inda ɗalibai suka fi faɗawa rami shi ne tallafi mai sharaɗi, wanda ke ɗorewa ne kawai idan ɗalibi ya tsaya, misali, cikin kashi ɗaya bisa uku na saman aji. Da yake ana auna makin kowa ne da na abokan karatunsa, kuma an ƙayyade yawan waɗanda za su sami maki mai kyau, wasu kan rasa tallafin bayan shekarar farko komai ƙoƙarinsu. Wannan ne ya sa ƙungiyar lauyoyin Amurka, wadda ke tantance tsangayoyin, ta wajabta wa kowace makaranta ta wallafa a rahotonta na shekara adadin ɗaliban da aka rage wa tallafi ko aka janye musu shi.

Galibin waɗannan guraben kuɗin makaranta kawai suke biya, haya da abinci da littattafai da inshorar lafiya na kan ɗalibi, sai 'yan kaɗan irin na Rubenstein da ke haɗawa da alawus. Ɗalibin da ya zo daga wata ƙasa shi ya fi jin wannan giɓi a jikinsa, domin ba ya cikin waɗanda gwamnatin tarayyar Amurka ke ba rancen karatu.