AMOSANIN JINI: CUTAR DA AKE HAIHUWAR YARO DA ITA

Cututtukan da ke kama ɗan Adam iri biyu ne. Akwai waɗanda mutum ke ɗauka bayan ya zo duniya, kamar ƙyanda da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro. Akwai kuma waɗanda ake haihuwar jariri da su. Daga cikin waɗannan wasu ana ganinsu tun ranar haihuwa, kamar tsagewar leɓe da lanƙwasar ƙafa da zabiyanci. Wasu kuwa a ɓoye suke, sai an yi suna, an yi arba'in, yaro ya fara zama, sa'an nan su bayyana. Wadda ta fi damun jama'armu a cikin na ɓoyen nan ita ce amosanin jini, watau sikila. Da wuya a sami unguwa a Ƙaraye ko Rogo wadda ba a san wani gida da ke fama da ita ba, amma har yanzu mutane da yawa ba su san inda take fitowa ba.

Bari mu fara da jinin kansa. A cikin jini akwai waɗansu jajayen ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Aikinsu shi ne ɗaukar iska mai kyau daga huhu su kai ta ko'ina a jiki. Ƙwayar mai lafiya kewayayya ce, ga laushi, tana iya lanƙwashewa ta wuce ta cikin jijiya komai ƙanƙantarta, kuma takan yi kwana 120 tana aiki kafin ta mutu. Ta mai sikila kuwa, da zarar iska ta yi mata ƙaranci sai ta sandare ta tanƙware kamar lauje. Daga nan ma sunan ya samo asali, domin da kalmar lauje ta Turanci aka raɗa wa cutar suna. Irin wannan ƙwaya ba ta wuce kwana 10 zuwa 20 take mutuwa, shi ya sa kullum jinin yaron a ƙarance yake, idonsa ya yi ɗorawa kamar mai shawara. Bayan haka ƙwayoyin sukan sarƙe da juna su toshe ƙananan jijiyoyi, kamar yadda kara da ciyawa ke toshe hanyar ruwa a lambu. Duk gaɓar da jini bai isa gare ta ba sai ta kama ciwo mai tsanani. Wannan shi ne tashin ciwon da ke sa yaro kwana yana kuka da ƙasusuwansa.

To, ta yaya yaro ke samun ta? Ba a ɗaukarta wajen cin abinci tare, ko kwana ɗaki ɗaya. Ba maita ba ce, ba sammu ba ne, ba kuma shafar aljanu ba. Gado ce, kuma sai an gada daga uwa da uba duka biyu. Kowane mutum yana ɗauke da irin jini guda biyu, ɗaya daga mahaifinsa, ɗaya daga mahaifiyarsa. Likitoci suna kiran iri mai lafiya A, mai lauje kuma S. Wanda ya gaji A ta kowane ɓangare shi ne AA. Wanda ya gaji A da S shi ne AS, lafiyarsa ƙalau, yana noma yana wasan ƙwallo, sau da yawa bai ma san yana ɗauke da komai ba. Wanda ya gaji S ta ɓangaren uwa da na uba shi ne SS, shi ne mai ciwon. Akwai kuma wani iri da ake kira C, wanda in ya gamu da S yakan haifar da irin wannan ciwo, ko da yake galibi ya fi sauƙi.

Ga misali da goro. A ce miji yana da ƙwarya da goro biyu a ciki, fari da ja, matarsa ma haka. A rufe ido a ɗauko ɗaya daga kowace ƙwarya. Za a iya samun fari da fari, ko fari da ja, ko ja da fari, ko ja da ja. In jan goro shi ne S, ashe ke nan idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso 1 cikin 4 na zama SS. A lura, kowane ciki aka ce. Bayan kowace haihuwa mayar da goron ake yi cikin ƙwarya a sake ɗauka. Saboda haka wani gida sai a haifi 'ya'ya biyar babu mai ciwon, wani kuma a jera uku duk masu shi. Idan AS ya auri SS, rabi da rabi ne. Amma idan ɗaya daga cikin ma'aurata AA ne, ba za su haifi SS ba. Wannan ya nuna kuskuren masu ɗora wa mace laifi, har a sake ta a ce ita ta kawo ciwo gidan. Jan goro biyu ake bukata, ɗaya kuwa daga ƙwaryar maigida ya fito.

Wani zai ce, me ya sa cutar ta fi yawa a ƙasashenmu? A shekarar 1910 wani likita a Amurka, James Herrick, ya fara ba da bayanin ƙwayoyin nan masu kama da lauje, bayan an gan su a jinin wani ɗalibi baƙar fata. A 1954 kuma Anthony Allison, wanda ya yi bincike a Afirka ta Gabas, ya nuna cewa yaro mai AS ya fi mai AA tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Watau a ƙasar da sauro ya yi yawa, masu AS sun fi rayuwa su girma su hayayyafa, da haka irin S ya yaɗu. A yau kusan mutum 1 cikin 4 na 'yan Nijeriya AS ne, kuma an ƙiyasta ana haihuwar jarirai wajen 150,000 masu sikila kowace shekara a ƙasar nan, abin da babu wata ƙasa a duniya da ta kai. A shekarun 1970, lokacin babban binciken zazzaɓi da aka yi a Garki, wadda a sa'an nan take cikin Jihar Kano, yanzu kuwa Jigawa, an tarar kusan jarirai 2 cikin 100 SS ne, amma a cikin manya da ƙyar aka sami wani. Ma'anar wannan ita ce yawancinsu sun rasu tun suna ƙanana. Mai yiwuwa da yawa daga cikin yaran da kakanninmu ke kira 'yan wabi wannan ciwo ne ya ɗauke su.

Alamomin ba su cika fitowa ba sai jariri ya kai kamar wata shida, domin kafin nan yana amfani da ragowar irin jinin da ya yi zaman ciki da shi, wanda ba ya lanƙwashewa. Alamar farko sau da yawa ita ce kumburin bayan hannu da na ƙafa tare da kuka. Sai yawan zazzaɓi, da ɗashewar tafin hannu, da kumburin saifa, da jinkirin girma. Uwar da ta ga haka ta kai yaro asibiti a gwada jininsa. Sakiya da ƙaho da tsaga ba sa fitar da ciwon, sai dai su ƙara zubar da ɗan jinin da ya rage, su kuma buɗe wa wata cuta ƙofa.

Yanzu ba kamar zamanin binciken Garki ba ne. Yaron da aka gane ciwonsa da wuri, aka kula da shi, yana iya girma ya yi karatu ya yi aure. Abubuwan da likitoci ke horo da su ba masu wuya ba ne: shan ruwa da yawa, rufe jiki lokacin hunturu, guje wa dukan ruwan sama, kwana cikin gidan sauro, cika allurar rigakafi, da shan magungunan da aka rubuta kullum ba fashi. Mu da ke zaune kusa da fadamu da madatsar ruwa ta Challawa, maganar gidan sauro ba abin wasa ba ce, gama zazzaɓin da zai kwantar da mai AA kwana uku yana iya halaka mai SS. In jikinsa ya yi zafi, ranar nan za a kai shi asibiti, kada a ce sai gobe.

Wani babban haɗari shi ne shanyewar ɓarin jiki, wadda kan sami kusan yaro 1 cikin 10 masu SS in ba a ɗauki mataki ba. Akwai na'urar da ake ɗora wa yaro a gefen kai ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ta nuna wanda ke cikin haɗari. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Asibitin Murtala, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun yi bincike a kan yaranmu, aka buga sakamakonsa a 2022. Sun nuna cewa maganin nan hydroxyurea, ko da an ba da shi kaɗan kaɗan kullum, yana taimakawa wajen kare irin waɗannan yara. Warkewa ɗungum kuwa sai ta hanyar dashen ɓargo, wanda aka fara yi a Nijeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da wani sabon magani mai gyara irin jinin kansa, amma kuɗinsa ya haura dala miliyan 2. Wane manomi ne zai iya wannan? Shi ya sa aka ce rigakafi ya fi magani.

Rigakafin kuwa shi ne gwajin jini kafin aure. A watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa masu niyyar aure a Jihar Kano yin gwaji, har da na irin jini, kafin a ɗaura. Doka ta yi kyau, amma lokacin gwajin shi ne abin dubawa. In aka bari sai an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, an haɗa lefe, sa'an nan aka je asibiti, wa zai iya cewa a fasa? A nan ne ake samun masu ɓoye sakamako don gudun kunya, kunyar wata guda ta jawo wahalar shekaru. Ya kamata a yi gwajin tun magana ba ta yi nisa ba, a asibitin da aka amince da shi, in da hali a maimaita a wani wuri. A kuma sani cewa wannan gwaji dabam yake da na rukunin jini, irin su O da B, wanda ake yi don ƙarin jini. Auren zumunci ma yana bukatar ƙarin kula, domin 'yan'uwa sukan gaji iri ɗaya daga kaka ɗaya.

Daga ƙarshe ina kira ga iyayenmu da su gwada jinin 'ya'yansu tun suna ƙanana, kowa ya tashi ya san nasa. Ina kuma kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman manyan aji da shugabannin ɗakunan kwana, da su tausaya wa mai wannan lalura. Kada a tilasta masa wanka da ruwan sanyi da asuba, ko a sa shi gudu da aikin ƙarfi cikin rana, ko a ce ƙarya yake don gudun aiki. In ciwonsa ya tashi da dare, a gaggauta sanar da malamin da ke kula da ɗakin. Bai zaɓi jininsa ba, kamar yadda babu wanda ya zaɓi nasa a cikinmu. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba iyayensu haƙuri da lada, amin.