AMSOSHIN TAKARDUNKU: Me Ke Sa Farcen Kaɗa Jita Ya Riƙa Zamewa Daga Yatsa?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu da ke sayar da hatsi a kasuwar Kawo, cikin Kaduna, ya aiko mana da takarda. Ya ce tun yana yaro a ƙauye ya ke taɓa garaya, bara kuma ya sayi wata tsohuwar jita irin wadda a ke kwantarwa bisa cinya a kaɗa, aka haɗa masa da farata uku na sawa a yatsu. Damuwarsa ita ce da kiɗi ya yi zafi sai faratan su dinga zamewa. Ran nan ma wajen wani biki a Unguwar Shanu ɗaya ya fice ana tsakiyar waƙa, ya faɗa cikin taro, yara suka yi ta dariya, har yau ba a gan shi ba. Wani abokinsa ya ce masa ya liƙe su da gam. Shi ne ya ke tambaya, shin ya bi wannan shawara, ko akwai wata dabara?

AMSA: To Malam, mun gode da wannan takarda taka. Kafin komai, ajiye gam ɗin nan tukuna. Za mu zo kansa.

Bari mu fara yi wa sauran jama'a bayanin abin da a ke magana a kai, don ba kowa ya taɓa ganinta ba, ko da ya ke da yawa sun sha jin kukanta a rediyo. Wannan jita ba a rungume ta a ƙirji. Kwantar da ita a ke yi, ko bisa cinya ko bisa ƙafafunta kamar ɗan tebur. Hannun hagu ba ya danna tsirkiya da yatsu, wani sulɓaɓɓen guntun ƙarfe ya ke riƙewa yana zamar da shi bisa tsirkiyoyin, shi ya sa za ka ji muryarta tana ja tana lanƙwasa kamar ta goge. Asalinta daga tsibiran Hawai ne, can tsakiyar tekun Fasifik, inda a ke danganta ƙirƙiro wannan salo ga wani saurayi mai suna Joseph Kekuku wajen shekarar 1889. Daga nan ta shiga Amurka, aka sa mata lantarki a farkon shekarun 1930, daga baya aka ƙara mata fedoji na takawa da ƙafa. Duk wanda ya saurari kaset ɗin Don Williams ya ji ta. A nan Nijeriya kuwa King Sunny Ade ne ya fito da ita fili cikin kiɗan juju wajen ƙarshen shekarun 1970, makaɗinsa Demola Adepoju ne ke kaɗa ta, ta kuma fito sosai a faifansa Juju Music na 1982.

Hannun dama shi ke fizgar tsirkiya, kuma nan ne maganarmu ta ke. Tsirkiyoyin na waya ne, a ɗaure su ke tamau, farcen mutum ba zai jure ba. Don haka a ke sa farata uku: na roba a babban yatsa, na ƙarfe biyu a manuniya da yatsan tsakiya. Ko wannensu yana da zobe mai fukafukai biyu da ke rungumar yatsa, da kuma harshe da ke taɓa tsirkiya.

To me ke sa su zamewa? Abu uku ne, ba su wuce haka ba: ko dai zoben bai dace da yatsanka ba, ko fatar yatsan ta yi santsi, ko kuwa yadda ka ke bugun ne ke tumɓuke su. Na farkon nan shi ne babba. Idan ba ka gyara shi ba, duk abin da ka shafa ɓata lokaci ne. Kai manomi ne, ka san in ruwan fartanya bai zauna daidai cikin ƙota ba, ko sau nawa ka cusa tsumma sai ya fita.

Dubi yatsanka da kyau. Ba zagaye ya ke kamar kara ba, yana da ɗan faɗi, kuma yana tsukewa wajen baki. Shi kuwa farcen, daga masana'anta a zagaye ya ke fitowa, girma ɗaya ga kowa. Ka ga ke nan wuri biyu kawai ya ke taɓa yatsa, sauran duk iska ce. Abin da za ka yi, ka sami ƙaramar filaya mai tsinin baki, ka naɗe bakinta da tsumma don kada ta karce ƙarfen. Ka ɗan danne zoben ya baje, ya ɗauki siffar yatsan. Sa'an nan ka fi matse bakinsa na baya, watau wanda ke wajen gaɓa, fiye da na gaba, domin ya kama bayan tsokar nan mai tudu ta kan yatsa. Wurin zamansa tsakanin gindin farcenka ne da gaɓar farko. In ya hau kan gindin farce zai yi maka rauni, in ya hau gaɓa yatsa ba zai lanƙwasu ba. Kaɗan-kaɗan za ka riƙa lanƙwasawa kana gwadawa, don ƙarfen in aka yi ta kai shi ana komowa da shi karyewa ya ke yi.

Ga yadda za ka gane ka dace. Saki hannunka ƙasa ka yarfa shi sau uku. In farcen bai motsa ba, madalla. Sa'an nan ka bar shi a yatsa kamar minti goma. In kan yatsan ya yi fari ko ya yi duhu, ko ka ji ya mutu, ko yana zugi, to ka matse da yawa, jini ba ya wucewa, sai ka sassauta. Ɗan shaidar da zai bari a fata bayan ka cire ba komai ba ne, zobe ma yana yin haka.

Kaurin ƙarfen ma yana da nasa. Kamfanin Dunlop, alal misali, yana yin su daga mai kaurin inci 0.013 har zuwa 0.025, kuma galibi a kan buga lambar a jikin farcen. Marar kauri ya fi daɗin sawa, amma da ka yi kiɗi na ɗan lokaci sai fukafukansa su buɗe da kansu. Mai kauri ya fi wuyar lanƙwasawa, amma inda ka ajiye shi nan zai tsaya. Mai irin jitarka ya nemi mai kauri. Tun da ka ce ɗaya ya ɓace, kuma ba kowane kanti a ke samunsu ba, kana iya kai wanda ya rage wurin maƙerin fari, irin masu ƙera zobba, ya ƙera maka kwatankwacinsa da farin ƙarfe ko tagulla, ya goge gefunan su yi sumul. Kada dai ka yanko gwangwanin madara ka naɗa, bakinsa reza ne.

Da ka gama gyara, ka yi wa ko wanne alama, wannan na manuniya, wannan na tsakiya, domin yatsun ba girmansu ɗaya ba. Kada ka ba da aro. Kada kuma ka jefa su aljihu tare da makullai da kwabbai su lotse. Ɗan gwangwanin man zafi da ya ƙare, in ka wanke shi tas da sabulu, ya ishe su gida.

Na babban yatsa kuma, tun da roba ne, filaya ba ta yi masa, karya shi za ta yi. Ruwan zafi a ke sa masa. Ka riƙe harshen da filaya, ka tsoma ɓangaren zoben kaɗai na 'yan daƙiƙoƙi har ya yi laushi, ka fito da shi ka matse da tsumma gwargwadon yadda ka ke so, ka tsoma cikin ruwan sanyi ya daskare a haka. Sai ya huce za ka gwada a yatsa. Amma a nan ka buɗe kunne: kada ka kuskura ka kai shi kusa da ashana, ko fitila, ko garwashin mai shayi. Da yawansu da wata irin roba a ke yi mai suna seluloyid, wadda ke kamawa da wuta farat ɗaya. Kafin ka yar, ta cinye ta haɗa da yatsanka.

Sai abu na biyu, santsin fata. Wannan kuwa da yanayi ya ke tafiya, kuma mu a Kaduna sau uku ya ke juyawa a shekara. Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sanyi kan sa yatsu su ɗan tsuke, fata ta bushe, kowa kuma yana shafa man kaɗanya ko basilin saboda kaushi. Farcen da ya kama ka da rana, da dare sai ka ji yana rawa. Da bazara, cikin Maris da Afrilu, yatsu kan ɗan kumbura, ga gumi. Da damina kuma laima ce, hannu ba ya bushewa. Saboda haka kada ka yi mamaki in ka ga kana sake ɗan matsewa ko sassautawa duk sa'ad da yanayi ya juya. Haka abin ya ke ga kowane makaɗi.

Babban abokin gābarka dai maiƙo ne, ba ruwa ba. A wurin biki an ci waina, an ci tsire, an share hannu da tsumma an zauna kiɗi. Ina farce zai tsaya? Ka wanke hannu da sabulu, ka tsane shi sarai, ka goge cikin zoben shi ma, don datti da maiƙo na taruwa a ciki. In za ka shafa mai saboda hunturu, bari sai an tashi.

Bayan haka akwai dabarar da ba ta cin ko kwabo, wadda manyan makaɗa a Amurka ma ita su ke yi: ɗan lasar kan yatsa kafin a zura farce. Kai ma ka san ta, ai ita ce manomi ke yi in ya tofa yawu a tafi kafin ya kama ƙota. Ɗan danshi kaɗan yana sa fata ta kama, in ya fara bushewa kuma sai ya riƙe kamar an liƙa. Da hannu mai tsabta dai.

In gumin naka mai yawa ne, to je ka wurin masu goge ko kukuma ka roƙi ɗan ƙaron da su ke gogawa a izgar bakansu. Aikinsa ke nan, hana santsi. Ka daka ɗan mitsitsi ya zama gari, ka taɓa da kan yatsa, ka zura farce. Amma ka bambance, ba ƙaron da a ke sa wa tawada ba. Shi wannan yana narkewa a ruwa, da gumi ya taɓa shi sai ya zama yauƙi, ka koma gidan jiya. Kuma kada ka cika, don in ya hau tsirkiya yana dushe mata murya. Ka goge tsirkiyoyi da busasshen tsumma bayan kiɗi.

Wasu kuma ƙarfen su ke yi wa aiki. Ana ɗan karce cikin zoben da sanfefa ya yi kaushi, ban da harshen, shi sumul a ke son sa. Ana kuma zura wa fukafukan siririyar robar nan da masu gyaran lantarki ke rufe waya da ita, wadda ke tsukewa in ta ji zafi. Tana hana zamewa, tana kuma rage ciwo. Wannan a na ƙarfe kaɗai za a yi, kuma ba yana yatsa ba. In ka ga wurin da zoben ke zama yana ƙaiƙayi ko ƙuraje, wataƙila jikinka ba ya shiri da farin ƙarfen ne ko da ƙaron. Ka daina ƙaron ka gani. In bai bari ba ka koma na tagulla, in ya ci gaba ka je asibiti.

Yanzu gam. In abokin naka irin Super Glue ya ke nufi, to kada garin neman gira a rasa ido. Yana kama fata nan take, wajen cirewa sai ya ɗaye ta, ka kwana bakwai ba kiɗi, ba awon hatsi. Kuma bai gyara komai ba, gobe ma sai ka sake.

Abu na uku, bugu. A nan mu ke zaton garaya ta bi ka. Mai garaya yana riƙe farcensa na ƙirgi tsakanin yatsu ne, yana kai shi yana komowa da ƙarfin wuyan hannu. Waɗannan faratan kuwa hanya ɗaya su ke bi. Da farko ka tabbata ba ka juya su ba: harshen yana kwanciya ne ta cikin yatsa, wajen tsoka, ya lanƙwaso ya bi bakin yatsa, ba ta bayan farcenka ba. Masu koyo da yawa a juye su ke sawa. Yatsu biyun nan suna jawo tsirkiya ne zuwa cikin tafi, babban yatsa kuma yana tura ta gaba. In ka buga da bayan yatsa, tsirkiya za ta shiga ƙarƙashin ƙarfen ta cire shi kamar an buɗe kwalba. Muna kyautata zaton abin da ya same ka a Unguwar Shanu ke nan. Haka kuma kada ka nutsa harshen can cikin tsirkiyoyi, bakinsa kaɗai ya isa. Ka dunƙule hannu kamar ka riƙe ƙwai, ka bar yatsu su yi aikin. In taro ya cika kana so a ji ka, ƙara muryar lasifika, kada ka ƙara ƙarfin hannu.

Masu garaya da kuntigi da ke saurare, ku ma da naku a ciki. Farcen da a ke riƙewa shi ma maiƙo da gumi ke sa ya kuɓuce, na ƙirgi kuma in ya jiƙe laushi ya ke yi. Ku ɗan tsattsaga wurin riƙon da wuƙa ya yi kaushi, ku riƙa tafiya da biyu ko uku kuna sauyawa.

Saboda haka Malam, ka fara da filaya, ka bi da sabulu, ƙaro ya zo daga ƙarshe in da bukata. Ka riƙa sa faratan kullum ko na rabin awa ne, ko a rumfa in ciniki ya lafa, har yatsu su saba. Ran biki kuma ka tafi da na ajiya a aljihun gaba. In ka gwada, ka sake rubuto mana mu ji yadda ta kaya. A gaida mutanen Kawo.