"Ai Ba Ni Na Tura Shi Ba"

Da damina ta kankama sai labarin ya dawo. Wani ya haƙa ramin masai a ƙofar gida har ya ci rabin lungu, kuɗin gini suka yanke, ya bar shi baki buɗe, ruwan sama ya cika shi taf. Akuyar maƙwabci ta faɗa, ko ɗan acaɓa ya karye, ko kuma, Allah ya kiyaye, yaro ya nutse. Aka je wa mai ramin da magana, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce tsautsayi ne, ai ba shi ya tura kowa ba. Na gaji da jin wannan amsa, kuma abin haushin shi ne masu faɗinta sun ɗauka addini na bayansu.

Malaman fiƙihu sun raba ɓarna gida biyu. Akwai mubashara, wadda mutum ya yi da hannunsa, sai tasabbubi, wadda ya zama sanadinta ko da yana barci lokacin da ta auku. Misalin da suka fi kawowa kuwa shi ne wannan ramin namu.

Imamu Malik ya yi maganar a Muwaɗɗa, a babin diyya: wanda ya haƙa rijiya ko ya ɗaure dabba a kan hanyar jama'a, inda ba shi da hurumin yin haka, shi ke da lamunin abin da ya faru. In raunin bai kai sulusin diyya ba, daga aljihunsa zai biya. In ya kai ko ya wuce, danginsa na wajen uba su ɗauka. Cikakkiyar diyyar rai kuma raƙuma 100 ce ko dinari 1,000 na zinariya. A lissafa a kuɗin yau, a ga ko murfin rami ya fi tsada.

Masu ɗan karatu sukan kawo hadisin da ya ɗauke lamuni daga rijiya. Hadisin ingantacce ne, amma malamai sun fassara shi da rijiyar da mutum ya haƙa a filinsa ko a inda aka halatta masa. Lungun unguwa ba gonar kowa ba ce. Batun ƙaddara kuma, ita ma diyyar ai cikin ƙaddara take, kuma wanda ya yi kisan kuskure ma yana biya alhali bai yi niyya ba. Inda mai rami yake kuɓuta shi ne idan wani ya zo da gangan ya hankaɗa mutum ciki, don a nan hukunci kan koma kan mai hannu. Kundin dokokin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, Majalla, da aka kammala a 1876, haka ya tsara. Kotunan zamani ma suna kama mutum da laifin sakaci a kan irin wannan.

Saboda haka, kada ka fara haƙa sai siminti da rodin murfi suna ƙasa. In aiki ya tsaya, ka rufe da katako mai kauri, ka danne da bulo, don tsohon kwano mai tsatsa tarko ne kawai. Ka kewaye wurin, ka sa alamar da za a gani da dare. Yashi da tsakuwar da tifa ta juye maka a tsakiyar titi, ka kwashe su a ranar. Wayar lantarkin da ka jawo daga janareto ta ratsa lungu, ka ɗaga ta sama. Kududdufin da aka bari bayan an ɗebi ƙasar bulo, masu ɗiban su cike shi. Kai kuma maƙwabci, ka yi magana tun ramin yana busasshe, in an ƙi ji ka kai wa mai unguwa da shaidu biyu, ka ɗauki hoto a waya ka ajiye.