Yaron da Ba Ya Iya Cewa Cikinsa Na Ciwo

Wasu yara cikinsu ba ya karɓar madara. Minti 30 zuwa awa 2 bayan sun sha, sai kumburin ciki da gudawa. Mai baki zai faɗa. Wanda maganarsa ta yi jinkiri kuwa, sai ya yi ta ihu yana buga kai da bango, a ce aljanu ne.

Iyaye, ku janye madara ita kaɗai har mako 2, ku lura. Nonon uwa kada a taɓa shi. Cikin zai iya lafawa, amma wannan ba ya buɗe baki; magana sai da koyarwa kullum. Kada ku haɗa da hana ƙwai da wake, tamowa za ta shigo. In leɓensa ya kumbura bayan cin abinci, ko numfashi ya yi wuya, ku kawo shi asibiti nan take.